Tsayuwar Indo Cenning

A jam'iyyarmu ba a jefa takarda a akwati. Tun shekarar da aka buɗe akwati aka tarar ƙuri'u sun fi mutanen da ke zauren yawa, har aka fasa wa wani goshi da kujera, dattawa suka ce a koma ga abin da ido ke gani. Idan an kira sunan ɗan takara, mai son sa ya miƙe. Mai ƙirga ya bi layi yana dafa kafaɗar kowa yana faɗin lamba da ƙarfi, wanda aka dafa ya zauna. Wanda ba a dafa ba ba ya zama. Maza sakatare ke dafa su, mata kuwa shugabar mata, don kada wani ya taɓa matar wani. Kowa a garinmu na Sengkang ya san wannan ƙa'idar, har 'yan adawa da ke yi mana dariya a kanta.

Ni Nahariah nake, busasshen kifi nake sayarwa a babbar kasuwa, kuma ni ce wakiliyar matan unguwar bakin tafki. Kowace unguwa mutum biyu take turawa babban taron reshe, namiji ɗaya, mace ɗaya. A bana matan unguwar masaƙa, maƙwabtanmu, suka zauna suka ce su Indo Cenning suke so ta tafi da muryarsu.

Indo Cenning calabai ce, wato wadda aka haifa namiji amma take rayuwarta a mace. Da aka haife ta Baharuddin aka raɗa mata, sunan yana nan a katin shaidarta, amma tun ina yarinya ban taɓa jin bakin da ya kira ta da shi ba. Ita ce uwar amaren garin nan. Ita ke aske gashin goshin amarya, ta zana mata baƙar kwalliyar nan ta goshi, ta tofa abin da take tofawa, sai ki ga yarinyar da jiya ba mai kallonta ta fito ana ture juna a gan ta. Ni kaina, da wannan hancin nawa, sai da mijina ya rantse an sauya masa mata. Matan da ke jam'iyyar nan ɗaiɗai ne waɗanda fuskarsu ba ta kwanta a tafin hannunta ba.

Jam'iyyar ma a tafin hannun nata take. Rumfunan biki nata ne, kujeru nata ne, rigunan kujerun ita ke ɗinka su. Launinmu shunayya ne, launin da matan da mazansu suka mutu ke sawa a wurinmu, shi ya sa 'yan adawa ke ce mana jam'iyyar masu takaba. Ita ta mayar musu da cewa mai takaba ai ta san darajar miji, ta fi wadda ke da shi tana yawo. Lokacin yaƙin neman zaɓe babu ƙofar da ke rufe mata, ta san gidan da ake fushi da mu da dalilin fushin, ta shiga ta madafa ta fito da ƙuri'a. Shugaban reshe, Puang Pawellangi (Puang laƙabin masu jinin sarauta ne a wurinmu, maza da mata), in ya hau dandamali sai ya nuna ta ya ce, "Ga uwar jam'iyya!" A tafa. Amma duk taron da aka yi, uwar jam'iyyar a bakin ƙofar madafa take tsayawa tana duba ko kofi ya isa. Ba a taɓa dafa kafaɗarta ba.

Ana saura 'yan kwanaki taro, Puang ya aiko yana neman ta. Ta biyo ta rumfata ta ce in raka ta.

Na ce, "Indo, ina warin kifi fa."

Ta ce, "Gara haka, Naha. Ba za su tsare mu da dogon zance ba."

Matakalar gidan Puang doguwa ce, gwiwoyinta kuma sun daɗe da gajiya, sai da muka huta a tsakiya. Muka same shi a baranda tare da sakatare Mursalim, yaron da aka yi bikin uwarsa a hannun Indo. Matar Puang, Puang Uleng, wadda ita ce shugabar mata, ita da kanta ta kawo shayi ba ta aiko mai aiki ba. Nan na san akwai magana, don ruwa ba ya tsami banza.

Mursalim ya gyara murya, ya fara da tabe, kalmarmu ta neman izini. "Tabe, Indo, ba raini ba ne. Unguwar masaƙa ta turo mana maza biyu, babu mace."

"Su wa da wa?"

"Ambo Sakka da… Baharuddin."

"Allah sarki, Baharuddin," in ji ta. "Ashe yana nan da rai? Na daɗe ban ji ɗuriyarsa ba."

Ni kaɗai na yi dariya. Puang ya ajiye kofinsa, ya yi magana a hankali kamar yadda manya ke yi in za su cuce ka. Ya ce ta san bana mun haɗa kai da wata ƙungiyar malaman addini, za su aiko baƙi su zauna a gaba. Ya ce yanzu zamanin waya ne, kafin a tashi taro hoto ya zaga ƙasa, a ce ga jam'iyyar da ba ta san bambancin namiji da mace ba. Saboda haka ga hanya biyu. Ko dai a rataya mata ɗamarar shugabar tarbar baƙi, ta tsaya a ƙofa cikin girma, ba ƙuri'a. Ko kuma Ambo Sakka ya janye, ya ma yarda, ta ɗauki kujerarsa a layin maza.

Mursalim ya karɓe. "Ba sabon abu ba ne, Indo. Kowace Juma'a muna ganin ki da hula da zanen maza a masallaci. Wuni ɗaya ne kawai."

Ta dube shi har sai da ya sauke ido kan wayarsa.

"Gaskiyarka, ɗana. Ranar Juma'a ina naɗe gashina in sa hula in tsaya a sahun baya. Wanda nake yi wa haka Ya san abin da ke ƙarƙashin hular, don Shi Ya yi shi. Kai fa, me ka halitta a jikina da zan sa maka hula?"

Wallahi na so in yi guɗa a barandar nan. Ta juya wajen Puang ta ce matan masaƙa ne suka aiko ta, in ta zauna cikin maza, su wa ta wakilta?

Ya ce, "Indo, ki taimake ni."

Ta ce, "Ai taimakon ka zan zo yi, Puang. Kai zan miƙe wa."

Da za mu sauka, Puang Uleng ta biyo mu ta riƙe mata hannu tun daga sama har ƙasa, tana cewa, "A hankali, Indo, a hankali." Wannan matar uwarta ta rasu ana gab da bikinta, kuma a cinyar Indo Cenning ta yi kukan safiyar ɗaurin aurenta, har sai da aka sake mata kwalliya daga farko. Garin nan kaf an san haka.

Ana gobe taro na je gidanta da yamma, na tarar da ita tana goge rigunan kujeru, tulinsu ya kai ƙugu. Raina ya ɓaci.

"Indo, don Allah mene ne haka? Ki hana su kujerun mana! Su zauna a ƙasa su yi zaɓensu, mu ga ko gindin Mursalim zai iya."

"Kujera ba ta yi mini laifi ba."

"To me kike nema? Puang zai ci ko da ke ko ba ke. Ki karɓi ɗamarar ki huta da gwiwoyin nan."

Ta kafe dutsen gugar a gefe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ba hoda, ba murmushi, tsohuwa kawai.

"Naha, ranar da na mutu maza ne za su wanke ni, da sunan Baharuddin za a yi mini salla. Na sani, na kuma yafe, ba ni da bakin magana a ranar. Amma yanzu ina numfashi. Ina so sau ɗaya a ƙirga ni a inda nake zaune, a faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Sau ɗaya tak."

Na ɗauki riga na fara ninkewa, ta ce na karkata, in sake.

Da hantsi zaure ya cika. Indo ce ta shirya shi tun da sassafe, maza a dama, mata a hagu, baƙi a gaba. A kan teburan an jera bosara, faya-fayen nan masu murfi, cike da barongko da sauran kayan zaƙi, ba a buɗe su sai an gama zaɓe kowa ya zauna an yi addu'a. Ta shigo cikin shunayya kamar kowace mace, gashinta a ɗaure, ta zauna kusa da ni a layin da ke daf da ƙofa. Mursalim ya hango ta ya kalli Puang, Puang ya kalli takardar jawabinsa. Na ce a raina, to, an bar wa matarsa ke nan.

Aka fara da abokin takarar Puang, wani matashin ɗan kwangila. 'Yan tsiraru suka miƙe, aka dafa su, suka zauna. Sai aka kira Puang Pawellangi. Zaure ya tashi kusan gaba ɗaya. Indo ta dafa gwiwa ta miƙe, na ji ƙashin ya yi ƙara.

Puang Uleng ta fara daga layin gaba. Tana zuwa, mata suna zama ɗaya bayan ɗaya a bayanta. Ta iso kaina ta dafa ni, hannunta sanyi ƙalau. "Goma sha huɗu." Na zauna. Hannun ya tashi ya nufi kafaɗar Indo, ya tsaya a iska, tsakaninsu bai kai faɗin yatsa ba. Na ga wayoyi sun ɗago daga layin baƙi. Ta waiga wajen mijinta, shi kuwa fankar sama yake kallo kamar yau ya fara ganin ta. Hannun ya tsallake ya sauka a kan matar gaba.

"Goma sha biyar."

Aka gama mata, aka gama maza. Kowa ya zauna, sai mutum ɗaya. Mursalim ya karanta sakamako da sauri, Puang ya ci da rata mai nisa, ratar da ko an ƙara ɗaya ko an rage ɗaya ba abin da zai sauya. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Aka yi tafi sama-sama, kowa na satar kallon layinmu.

Puang ya karɓi lasifika yana murmushi. "Tabe, Indo, a zauna mana."

Ba ta ɗaga murya ba, amma zauren ya yi tsit, kowa ya ji.

"Tabe, Puang. Ba a ƙirga ni ba."

Na zabura na miƙe. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Zauna, Naha. Ke an dafa ki. Kada ki ba su bakin cewa rigima muka zo yi." Na koma na zauna ina huci.

Mursalim dai a ganinsa ya fi kowa dabara. Ya raɗa wa Puang wani abu, ya sauko, ya tsallako hanyar da ta raba mu da maza, hannu a miƙe, zai dafa ta ya haɗa ta a lissafin maza a wuce wurin.

Na ce, "Kai, Mursalim! Ina za ka da hannu tsakiyar matan mutane? Haka aka koya maka a gida?"

Ya tsaya cak. Ya waiga ya ga malaman nan da ake tsoron idonsu sun zuba masa ido, ga shi namiji ƙato a layin mata hannu a sama. Indo ta ce masa a hankali, "Koma wurinka, ɗana, kada a ɗauke ka hoto." Ya koma yana sosa ƙeya.

Daga nan Puang ya ce a ci gaba. Ya fara jawabin godiya, wai a zatonsa gajiya za ta zaunar da ita. Bai san ta ba ke nan, matar da ke tsayuwa a kan amarya tun asuba har azahar. Ya yi magana a kan hanya, ya yi a kan farashin taki, ya yi a kan haɗin kai. Ba mai jin sa. Zufa ta keto mata ta wanke hodar, ta bar layi-layi a kumatunta. Ina ganin zanenta yana rawa daga gwiwa zuwa ƙasa. Na tura mata bayan kujera da ƙafa don ta dafa, ta ƙi ko kallon ta. Ba ta harari kowa ba, ba ta yi kuka ba, hannayenta a haɗe a gaba kamar mai jiran a kira ta. Ni ce na yi kukan, ban kuma ɓoye ba.

Aka roƙi babban malamin baƙi ya yi addu'a. Dattijo ne, ya dube ta ya dubi Puang, ya yi addu'ar a taƙaice, ya shafa. Sai aka zo wurin ci, nan ne fa. A wurinmu ba a buɗe bosara babba yana tsaye, wanda ya yi haka an san gidan da ya fito ba tarbiyya. Masu rabon abinci suka tsaya da faranti suna kallon juna. Wani daga layin maza ya miƙa hannu ga murfi, Ambo Sakka ya buge hannun. Kofi ya huce a buta. Mutum fiye da ɗari a zaune gaban abinci, ba mai iya taɓawa.

Puang ya ga ba mafita. Ya ce saboda ƙurewar lokaci an rufe taro, kowa ya tafi da rabonsa a leda.

Ƙofar zauren ɗaya ce, kuma tana daf da layinmu. Ba yadda za ka fita sai ka bi ta gaban Indo Cenning. Mu kuwa ba ma wucewa ta gaban babba a miƙe, sai ka ranƙwafa ka sauke hannun dama wajen gwiwa ka nemi izini. Jiki ya riga ya saba, ba ya shawara da kai. Na farko ya zo ya ranƙwafa. "Tabe, Indo." Ta ce, "Iye." Na biyu haka. Maza suka bi, mata suka bi, wasu na share ido da bakin mayafi. Malaman nan suka sauke hannu suka wuce. Mursalim ya ranƙwafa har ya fi kowa. Puang Pawellangi da kansa, mai jinin sarauta, wanda ban taɓa ganin ƙeyarsa ta sunkuya wa kowa ba, ya zo ya sauke hannu ya ce, "Tabe, Indo," bai ɗago ido ba. Ta amsa masa kamar yadda ta amsa wa kowa.

Jam'iyya gaba ɗaya ta rusuna mata a ranar. Na zauna ina kallo ina jin kamar in fasa wani abu, don rusunawa ba ta ci musu komai, sun saba ba ta ita tun da daɗewa.

Zaure ya zama wayam, sai kujeru a karkace da bosara a rufe. Mu uku muka rage, ni da ita da Puang Uleng, wadda ta maƙale a jikin bango tun da ta gama ƙirga. Ta tako a hankali, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta tsaya gaban Indo ta ɗaga hannun nan.

"Indo, ki yafe mini. Bari in dafa ki ki zauna. Ƙafafunki…"

Indo ta ja da baya taki ɗaya. Ta yi tangaɗi, na tare ta.

"Sauke hannunki, Puang. A ɗaka ai kun daɗe kuna ƙirga ni. Ba wanda ya taɓa hana ni wannan."

"To me zan yi, Indo?"

"Akwai wani taron. Ranar da zaure ya cika, kin san inda nake zama."

Puang Uleng ta tsaya hannu a iska, ta kasa saukewa, ta kasa kaiwa. Na ce wa Indo ta zauna ko na minti ɗaya ne, ba kowa, ba mai gani. Ta ce a kan wannan kujerar dai a'a. Ta sa na cire wa kujerar riga, ta ninke kujerar da kanta, ta rungume ta a hammata, ɗaya hannun ta saƙalo wuyana. Nauyinta duka a kaina yake, ashe ƙafafun sun daɗe da mutuwa.

Mun kai bakin ƙofa sai ta tsaya ta waiga. Na zaci wata magana za ta faɗa. Ta ce in mayar da ita. Muka koma da ƙyar har gaban Puang Uleng. Kuka ya sa allurar mayafinta ta zame, mayafin ya karkace gefe guda. Indo ta jingine kujerar a jikina, ta kama haɓar matar da yatsu biyu ta ɗago fuskarta, kamar yadda ta yi mata safiyar bikinta. Ta zare allurar ta riƙe a baki, ta daidaita mayafin, ta mayar, ta share mata ƙarƙashin ido da babban yatsa.

"Mutane na waje," in ji ta. "Kada ki fita haka."

Sannan ta karɓi kujerarta muka tafi.